Jinjina ga Masu Gano Jirgin Annabi Nuhu

A gaishe da mazajen da ba sa gajiya da gano jirgin Annabi Nuhu (AS). Sauran masu bincike sukan gano abu sau ɗaya su koma gida su huta. Waɗannan kuwa, bayan 'yan shekaru sai sun sake gano shi, kowane karo kuma a wani wuri dabam. Irin wannan baiwa ba kowa ake ba wa ba.

Ga Bafaranshe Fernand Navarra, wanda ya sauko daga Dutsen Ararat na Turkiyya a 1955 da guntun katako. Da aka kai ɗakunan gwaji, yawancinsu suka ce itacen na wajen ƙarni na 7 ne ko na 8 miladiyya, wato bai girmi daular Banu Umayya da komai ba. Laifin na'ura ne, ba ta san girman manya ba. Sai Ba'amurke Ron Wyatt, ma'aikacin jinya mai ba da allurar barci, wanda ya rungumi wani tudu mai siffar kwalekwale da aka hango a hoton sama a 1959. Bawan Allah bai tsaya nan ba, har ƙafafun keken yaƙin Fir'auna ya ce ya gani a Bahar Maliya. Abokin tafiyarsa David Fasold ne ya ba mu kunya: a 1996 ya haɗa kai da wani masanin duwatsu suka rubuta cewa tudun laka ce da dutse kawai. Rashin juriya ke nan.

Gwanin gwanaye dai shi ne George Jammal. A 1993 gidan talabijin na CBS ya nuna shi ga miliyoyin Amurkawa riƙe da katakon jirgi, yana ba da labarin wahalar da ya sha a ƙanƙara. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa taka Ararat ba; katakon a Kalifoniya ya tsinto shi, ya dafa shi cikin miya har ya yi baƙi ya tsufa. Ko mai tuwon tasha ba ta kai shi iya girki ba. A 2010 kuma wata ƙungiya daga Hong Kong ta ce ta tabbata kashi 99.9 cikin ɗari ta gano jirgin. Dubi tawali'u, har ɗan ɗigo suka rage mana.

Amma kada yabon ya ƙare a kan baƙi, mu ma muna da namu jarumai. A zauna a majalisa a Kaikai bayan la'asar, ko teburin mai shayi a tashar Kankia: waya ɗaya a tsakiya, gilashinta a tsage, kawuna shida sun rufe ta. Wata murya mai amsa-kuwwa tana cewa, "Allahu Akbar, Turawa da kansu sun tabbatar! Tura wa mutum goma." Kafin shayi ya huce bidiyon ya kai Kusada. Duk wanda ya tambaya wa ya auna katakon, sai a ce masa, "Malam, gyara imaninka." Suratu Hud ta ambaci Judi a matsayin inda jirgin ya tsaya, dutsen da aka sani da wannan suna kuma yana kusa da iyakar Siriya da Iraki, kimanin kilomita 300 daga Ararat. To ina ruwan mai neman lada da taswira?

Kakanninmu ne abin tausayi. Sun karanta ƙissar a allo da hasken wutar kara, suka gaskata ba tare da sun ga ko ƙusa ɗaya ba. Ashe imaninsu jiran sa hannun Bature yake yi.

Akwai fa wani jirgi a kusa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, gwaji ya ba shi shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Kada kowa ya ɓata datarsa a kansa: an auna shi, lissafi ya tsaya, kuma a Damaturu kawai yake.