Yadda Ake Zama Lafiya da Always, Sometimes da Danginsu

Kalmomin Turanci masu nuna yawan aukuwar abu kashi biyu ne. Akwai masu ƙidaya, irin su daily, weekly, once da twice, akwai kuma marasa adadi, wato always, usually, often, sometimes, rarely da never. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar WAEC ko NECO ya sha fama da su, don haka ba sai an tsaya gaishe-gaishe ba.

Shawara ta ɗaya: a haddace tsanin, amma kada a rantse a kansa. Littattafan koyon Turanci sukan jera kalmomin daga sama zuwa ƙasa, always kashi 100, never sifiri, sometimes a tsakiya wajen 50. Matakin sama da na ƙasa kaɗai aka yi ittifaƙi a kansu. Usually, wani littafi ya ba ta 90, wani ya rage mata zuwa 80, ɗalibi kuma ya raba dare yana bitar alƙaluman da mai harshen ba ya tunawa da su in yana magana. Ita kanta always ɗin ba kullum take nufin kullum ba. Wanda ya ce da wani he is always complaining ba lissafi yake yi ba, ya gaji ne kawai.

Ta biyu: a san mazauninsu. Marasa adadin suna zuwa gaban aikatau, kamar a she always comes, amma bayan is da are, kamar a she is always late. In aka fara jimla da never ko rarely, sai tsarin ya kife, a ce never have I seen, kamar ana tambaya alhali ba tambaya ake yi ba. Sai kuma hardly, wadda kamanninta ke yaudarar bayin Allah. He works hard yabo ne, mutum ne mai ƙwazo. He hardly works kuwa cewa ne da kyar yake taɓuka komai. Haruffa biyu tak, amma maigidan da ya rubuta wa yaronsa takardar shaida da ta biyun, da kyakkyawar niyya, ya gama tona masa asiri.

Ta uku ta shafi biweekly, kuma a nan haƙuri ke ƙarewa. Manyan ƙamusai, har da na Oxford da na Merriam-Webster, sun ba ta ma'ana biyu: sau biyu a mako, da kuma sau ɗaya duk mako biyu. Ba kusa suke da juna ba. Ta farko ta ninka ta biyu har sau huɗu. Ma'aikacin da ya ga sanarwar biweekly meeting a allon ofis bai san ko zama takwas ke jiransa a wata ba ko biyu. Ya sa babbar riga ranar Alhamis, ya biya kuɗin Keke, ya haura bene da fayil a hammata, ya tarar da ɗakin taro a kulle, masinja na gyangyaɗi a kan benci. Mako mai zuwa ya ce ya gane, ya yi zamansa, sai ga takardar tuhuma. Bimonthly ma haka take, sau biyu a wata ko duk wata biyu, kuma wanda aka yi wa alkawarin alawus da wannan kalma yana da dalilin rashin barci. Abin takaicin shi ne maganin yana nan a cikin harshen. Mutanen Ingila suna da fortnightly, daga fortnight, dare 14, ba ta da ma'ana ta biyu. Akwai semiweekly don sau biyu a mako. Amma mai rubuta sanarwa sai ya tsallake su duka ya ɗauko mai baki biyu. A Hausa an ce mako bibbiyu, an ce sau biyu a mako, ba a taɓa jin an rufe wa wani ƙofa saboda su ba.

Kafin a je ta huɗu, ga biannual da biennial, waɗanda ba su da wani uzuri. Ta farko sau biyu a shekara, ta biyu duk shekara biyu, kuma a bakin mai sauri kusan sauti ɗaya ne. Every other day kuma ba ta nufin kowace rana ta daban, tana nufin a yi yau a tsallake gobe. Once in a blue moon ta fi su gaskiya, tunda ba ta yi alkawarin komai ba: a ma'anar da ta yaɗu, cikar farin wata sau biyu ke nan a wata ɗaya na kalandar Turawa, abin da kan faru duk shekara biyu zuwa uku. A lissafin Hijira ba ya yiwuwa sam.

Ta huɗun dai ta bi ruwa, domin akwai wurin da abin ya wuce wasa, wato takardar da ke naɗe cikin kwalin magani. A ƙa'idar Tarayyar Turai an ɗaure wa kalmomin adadi. Illar maganin da aka kira very common takan sami mutum 1 cikin 10 ko fiye. Common daga 1 cikin 100 ne zuwa ƙasa da 1 cikin 10, rare daga 1 cikin 10,000 zuwa ƙasa da 1 cikin 1,000, very rare kuma ƙasa da 1 cikin 10,000. Majinyacin da ya ga common ya ɗauka rabin jama'a ake nufi yana iya jefar da maganin da ya kamata ya shanye, alhali galibin masu shansa ba sa samun wannan illar. Ga likita kuma da b.d. da t.d.s., waɗanda ba ma Turanci ba ne, gajartattun kalmomin Latin ne na sau biyu da sau uku a rana. Mai ba da magani da ke jan layi uku a jikin 'yar ambulan, yana cewa safe, rana, dare, ya fi ƙamus taimakon mutane.

Saboda haka in batun ya taɓa magani, albashi ko ranar taro, a daina jin kunya, a tambaya: sau nawa, cikin kwana nawa? Mai rubuta sanarwa kuma ya ji tsoron Allah ya sa lamba da sunan rana.