Yadda Za Ka Sauya wa Kwamfutarka Windows Ba Tare da Ka Yi Kuka a Kasuwar Jega Ba

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Kwamfutar da ke kan teburinka a Maiyama za ta ci gaba da kunnuwa, amma kullum ɓarayin intanet ƙara samun hanyar shiga cikinta suke yi. In kuwa Windows 7 kake lallaɓawa har yau, wadda aka sallama tun Janairun 2020, Allah ya ba ka ladan haƙuri, amma lokacin rabuwa ya yi.

Fara da tambayar kwamfutar ko za ta iya. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta shiga ko'ina: tana son RAM aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka gaskiya ba kunya. Da yawa daga cikin kwamfutoci 'yan Beljiyam da ɗaliban jami'ar Aliero ke rataye da su sun tsufa da wannan jarrabawa. In taka ta faɗi, kada ka yi fushi da ita, Linux Mint kyauta ce kuma ba ta raina tsoho.

Yanzu ga inda ake zubar da hawaye. Za ka kai ta shago, yaro mai saurin hannu ya ce, "Alhaji, fomatin kawai za mu yi mata, yanzu-yanzu ta koma sabuwa." Riƙe hannunsa ka ce, "Dakata, ɗana." Masu ɗorin Aliero sun yi suna wajen haɗa ƙashin da ya karye, amma babu wanda zai ɗora maka wasiƙar da fomatin ya share.

In ta burauza kake buɗe Gmail ko Yahoo, wasiƙunka suna can wurin kamfanin. Abin da zai ɓace shi ne kalmar sirrin da kwamfutar ta riƙe maka shekara da shekaru har ka manta da ita. Nemo ta, gwada ta a waya, rubuta ta a takarda ka adana inda jikoki ba sa kaiwa. Sannan duba lambar da ake turo maka saƙon tabbatarwa. Sau da yawa tsohon layi ne da ya faɗa rijiya, ko aka rufe shi lokacin haɗa NIN. Sauya ta tun kana iya shiga.

In kuwa Outlook kake amfani da shi bisa tsarin POP, mai yiwuwa wasiƙun suna cikin kwamfutar kaɗai, a wani fayil mai ƙarewa da .pst. Rasit ɗin buhunan albasar da ka tura kudu da takardar ɗaukar aikin ɗiyarka duk suna ciki. Kwafe shi a filash, ka kuma kwafe a wani filash ɗin, domin na farkon aro ake zuwa yi, ba a dawowa da shi. Mai Thunderbird ya kwafe babban fayil ɗin bayanansa gaba ɗaya. Mai Windows Live Mail, wadda aka daina kula da ita tun 2017, ya haɗa Gmail ta tsarin IMAP ya ja wasiƙun ciki. Giga 15 Gmail ke bayarwa kyauta.

Saura wuta da data. Windows 11 ɗin da za ka sauke ta haura giga 5, don haka ka jira dare. Cika batir, zuba wa janareta mai, ka roƙi Hajiya kada a zare soket don cajin fitila. Idan allo ya tsaya a kashi talatin kamar ya yi barci, ɗauki buta ka tafi masallaci. Kada ka danna makashi.

Yayin ɗora ta a kan Windows 10, zaɓi a bar maka fayilolinka da manhajojinka. Bayan an gama kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohuwar, muddin ba ka goge Windows.old ba. Cikin kwanakin nan buɗe imel ɗinka, nemo wasiƙa mafi tsufa ka gan ta da idonka, sannan ka ba da aron filash.