Rumbu Ne Waliyyin Ango

Tun ranar da na faɗa a majalisarmu ta mai shayi a Gumel cewa duk mai hankali da sanyi yake aure, ban sake kurɓar shayi cikin kwanciyar rai ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya aiko yaro da saƙo, har gwaggota ta Sule Tankarkar ta ce a gaya mini in na rasa aikin yi in je in taya su sussukar gero. To, ga amsa na kawo a faifai guda, kowa ya ɗebi tasa. Wanda ta yi wa yaji, ga randa can.

Da kai zan fara, Allah gafarta Malam, kai da ka ce aure lokaci ne, in ya zo ba ruwansa da rani ko damina. Ban musa ba, wane ni. Tambaya ɗaya gare ni. Me ya sa lokacin nan bai cika zuwa a watan Agusta ba, sai ya laɓe har a yanke gero, a kaɗe riɗi, a cire zoɓo? Fatiha nawa ka shafa bara a cikin marka? Nawa kuma ka shafa daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da muryarka ta dushe, aljihun rigarka ya kusa yagewa da goro da dabino?

Kowa a ƙasar Lautai ya san amsar, ana dai jin nauyin faɗa ne. Daga Gumel zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa bakin iyaka, dattawa ke zama su sa rana, amma rumbu ke yi musu raɗa a kunne. Mai shakka ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis bayan kaka, ya tsaya ya buɗe ido. Saurayin da ka gani yana tsalle a kan buhunan riɗinsa yana jayayya da dillali, sadaki yake karewa. Buhunan zoɓon can da ake lodawa a babbar mota, akwatunan lefe ne suka sake kama. Bijimin da dattijo ya jawo zuwa kara, wanda fataken Kudu ke zagayawa suna duba haƙoransa, gado ne da katifa da jeren kwanukan 'yarsa. In kasuwa ta yi kyau, sai ka ji guɗa ta ko'ina. In ta faɗi, sai a fara cewa ai yarinyar ba ta gama makaranta ba. An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma uwar ɗiyar da aka sa wa rana kafin amfani ya shigo gida ita ta fi kowa sanin ma'anar maganar.

Sai kai, ƙanena ɗan Kwalejin Ilimi ta Gumel, mai cewa bazara ta fi, wai babu ruwa, babu hazo, hoto ya fi fitowa tas. Zauna in ba ka labari, don ni da kake gani a watan Afrilu aka ɗaura nawa. Rana ta haura digiri 40, ni kuwa an naɗe ni cikin babbar riga ta shadda mai sitaci, hula ta kama goshi kamar bashi. Kafin liman ya gama tambayar waliyyai, zufa ta zana taswirar Najeriya a bayana, har da Tafkin Chadi. Miyar da aka dafa da hantsi ta juya kafin la'asar. Kuɗin da na kashe a kan ƙanƙara da 'yan ga-ruwa ya isa sayen tunkiya. Kwalliyar da aka ɓata awa uku ana yi wa amarya kuwa, ko da aka kawo ta, rabinta na kan mayafi. Ɗakin da na yi wata shida ina gyarawa ya zama tanderu, ango ya kwana a tabarma a ƙofar gida yana fifita da murfin kwali, yana haska tocila saboda kunama. Hoton ya fito tas, gaskiyarka. Yana nan a bango, duk wanda ya gani sai ya tambaya ko rasuwa aka yi.

A nan zan ɗan ajiye wasa. Zafi da ƙura da cunkoso su ne abokan tafiyar sanƙarau, kuma mutanen yankin nan ba su manta da 2023 ba, shekarar da Jigawa ta fi kowace jiha yawan waɗanda cutar ta kama. Cusa mata hamsin da goyonsu a ɗaki ɗaya a irin wannan lokaci abin a sake tunani ne.

Na dawo kanka, abokin wasana Bafulatani, da ka ce damina uwar albarka, ga nono, ga man shanu, ga daji ya yi kore shar. Na ji, ɗan Fulani, saniyarka ta ƙoshi. To wa zai zo bikin? Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, wanda ya yi sake da kwana uku na noman fari, ciyawa ta gaje gonarsa. Abokan ango za su zo da fartanya a kafaɗa, su ce amin, su juya. Gero kuwa a lokacin ya fi kowane lokaci tsada, tsohon ya ƙare, sabon bai nuna ba. Ga hadari ya taso daga gabas, ya ɗauki rumfar da aka yi haya ya kai ta gonar maƙwabci, 'yan kai amarya sun shigo kamar kajin da suka faɗa kwatami. Abu ɗaya na yarda da kai a kansa: wanda ya zo bikinka a cikin marka, riƙe shi da kyau, masoyi ne. Sai dai masoyan ba za su cika tabarma biyu ba, ko da yake na san hakan ya yi maka daidai, tun da ƙwarya ɗaya ta fura ka yi niyyar fitarwa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Hajiya, uwar biki ta Gagarawa. Ta ce, "Kai yaro, ka taɓa zama da lalle a ƙafa cikin daren hunturu? Ka san yadda kaushi da faso ke yi wa amaryar da aka yi sati ana murza wa dilka? Ga hazo, ga mura, ga biki bakwai a mako ɗaya, kowanne da ankonsa da gudummawarsa. Sannan angon naku ya yi kwana goma sha huɗu, ya rataya jaka, wai ya tafi cin rani Legas."

Hajiya, ranki ya daɗe, kin kama ni a kwana. Na kaushi mai sauƙi ne, man kaɗanya bai ƙare a kasuwa ba, kuma bargo ɗaya ya fi ƙanƙarar kwana uku araha. Tuwo ya kwana lafiya, alkaki da nakiya da dubulan na gara su yi makonni ba su canza ba. Maganar biki bakwai kuwa shaida ce a gare ni, don ba a cunkoso a rijiyar da ba ruwa. Amma ta cin rani, ba ni da bakin kare su. Samari, ku ji da kyau: wanda ya kawo 'yar mutane a Disamba ya tsere a Janairu, ya bar ta da uwar miji da buhun gero ɗaya, mai gadin ɗaki ya ɗauka. Ku kuma tuzuran majalisa da kuke ta murmushi tun da na ambaci bargo, na san inda hankalinku ya tafi. Ku tanadi itacen dafa ruwan asuba tukuna.

Saura abin da duk cikinku ba wanda ya lura da shi. Mutanenmu na son a kai amarya kafin azumi, shi ya sa watan Sha'aban, na sha ruwan tsofaffi, yake cika da ɗaurin aure. Shekarar Musulunci kuwa tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Azumin 2024 ya kama a Maris, na 2025 a ranar farko ta Maris, na 2026 a Fabrairu. A 2030 sau biyu zai zo, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wato azumi na takowa cikin sanyin nan da nake yi wa talla, filin da ke tsakanin kaɗe riɗi da ganin wata yana ƙara tsukewa kowace shekara. Wanda ya makara sai bayan ƙaramar salla, kuma kada wani ya kawo mini camfin tsakanin idi biyu, don a Shawwal Nana A'isha ta tare a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malam na nan, ku tambaye shi.

Af, na tuna. Jiya da magariba yaron Malam ya kawo mini katin gayyata, za a aurar da 'yar autarsa. Na duba kwanan wata, Asabar ta biyu a Disamba, mako guda bayan ya kai riɗinsa Maigatari. Lokaci ne ya yi, Allah gafarta Malam, Allah ya sa alheri. Ni ma na kama hanyar Sule Tankarkar, don an ce ranar ɗan gwaggo ba za ta tsaya ba sai an auna geron nan.