Babin Wanda Ya Ba Ɗan Koyo Makulli

Yana daga cikin al'adun da suka kafu a birnin Dikko a wannan zamani, cewa idan Allah ya hore wa mutum mota, kuma ya azurta shi da ɗa wanda ƙafarsa ta fara taɓo totur ko da da babban yatsa ne, sai ya miƙa masa makulli bayan la'asar ya ce ya je ya ɗan zaga, shi kuwa ya kishingiɗa a ƙofar gida yana shaida wa abokan hira cewa yaron nan ba wanda ya koya masa, da ido kurum ya ɗauka. Jama'a su ce ma sha Allahu, ai gado ne. A daidai wannan sa'a kuwa magajin yana can tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, ya ɗora matashin kai biyu a kujera domin ya hango gaba, masu Keke Napep suna darewa dama da hauni suna salati.

Alhali kuwa hukuma ba ta yi shiru ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sharɗanta cewa mai koyo ya cika shekara 18, ya mallaki takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma mai lasisi ya zauna a gefensa. Wanda ya ba marar lasisi motarsa, shi ma doka tana da magana da shi. Sai dai a wurin Alhaji liƙa harafin nan tozarci ne ga zuri'a, domin yana nuna cewa akwai abin da ɗansa bai sani ba.

Abin mamakin shi ne, Alhajin nan ya sauke Risala tun yana saurayi, kuma in an taɓo babin lamuni a majalisi, shi ne zai gyara zama ya bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta duk suna lamunce abin da ta take, kuma ɓarnar da bisashe suka yi wa gona da dare tana wuyan mai su. Hukuncin akuya yana nan daram a ƙirjinsa. Ƙiyasi ne dai ya gagara, da yake mai Risala bai ambaci Honda da sunanta ba.

Ranar da aka yi waya aka ce motar ta hau teburin mai shayi, a nan ake ganin fasahar lugga. Motar da jiya take "motata" ta koma "motar yara", makullin da aka miƙa a bainar jama'a ya zama wanda aka ɗauke ba da saninsa ba, sa'an nan a kirawo ƙaddara, baiwar Allah, a aza mata sauran kayan, tunda tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daga nan sai dattawan unguwa su shiga tsakani domin sulhu, kada magana ta kai ga 'yan sanda, Alhaji kuwa, wanda ya biya mai gyaran jikin mota ba tare da neman ragi ba, ya tsaya kai da fata yana rantsuwa cewa ƙwan da ya fashe bai kai kiret guda ba, kuma a binciki butar shayin, domin yana da labarin dama can tana yoyo.