Ƙafa-Uku da Akuyar Titiru

Yayana mai hoto ne, ni kuwa mai ɗaukar jakar mai hoto. A Zangon Faraku kowa ya san wannan rabon aiki. Shi ke rataya kyamara a wuya ana ce masa "fotograf", ni ke bin bayansa da batura da wayoyi ana ce mini "yaron fotograf", alhali gemuna ya fi nasa cika.

Bara da hunturu ya dawo daga Kwatano da kyamara ta hannu, haɗe da wani dogon gilashin zuƙo mai tashi daga milimita 70 zuwa 300. Masu sana'ar suna da tsohuwar ƙa'ida: in ka zuƙo har 300 kuma a hannu ka riƙe, to ƙyaftawar kyamara kada ta fi kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa daɗewa, in ba haka ba rawar hannunka za ta fito a hoton. Da rana tsaka wannan ba komai ba ne. Sai dai bikin mutanenmu ba ya kankama sai bayan la'asar, lokacin da hazo ya riga ya shanye rana, kyamara kuma tana neman ƙarin lokaci ta tara haske. Hotunan Yaya na farko suka fito kamar daga bayan zem, wato babur ɗin haya, aka ɗauke su a kan gargada. Bidiyon kuwa, wata Hajiya ta ce minti uku ta kalla jiri ya ɗebe ta, ta nemi a mayar mata da rabin kuɗinta.

Magani ɗaya ne, a sayi abin ɗora kyamara. Masu Faransanci na ce masa tirefiye, 'yan Najeriya na cewa sitan, mu a gida ƙafa-uku muke kiransa.

Kafin ya saya, Yaya ya buga wa Kawu waya a Jugu. Kawu ya fara hoto tun zamanin akwatin katako, wanda mai hoto ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kamar mai suracen zazzaɓi. Maganarsa ba ta da tsawo. Ya ce, "Ɗana, kada ka karanta kwali. Miƙe ƙafafun duka, ka dafa, ka murɗa. In ya yi maka rawa a shago, a gidan biki koroso zai yi maka." Yaya ya ce, "To, Kawu, Allah ya ƙara girma." Washegari muka tafi wani shago kusa da kasuwar Arzeke, ya tsaya ya karanta kwali.

Kwalin kuwa ya iya magana. Ga hoton Bature a ƙolin dutse, ga rubutu cewa abin yana ɗaukar kilo 5, yana miƙewa har santimita 170. Mai shagon ya ƙara da nasa: "Patron, wannan ko talabijin ka ɗora masa ba zai ce uffan ba." Ya sa suna jika goma sha biyu, Yaya ya taya shida, aka daidaita a takwas, wato sefa 8,000. Da na ɗaga shi na ji takalmina ya fi shi nauyi, har na yi murna, tunda ni ne ɗan dakon. Kowace ƙafa gaɓa biyar ce, ɗaya cikin ɗaya, ta ƙarshen ba ta fi tsinken tsire kauri da wani abin kirki ba. Kan da kyamara ke zama roba ce zalla. Yaya ya yi lissafi a fili: kyamara da gilashi kilo ɗaya da rabi, kwali ya ce biyar, ke nan akwai rarar uku da rabi. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne babu wani ma'auni guda da masu ƙera waɗannan kaya suka amince da shi wajen rubuta wannan adadi. Kowane kamfani da yadda yake auna nasa, kuma ko an auna da gaskiya, adadin yana faɗin nauyin da abin zai ɗauka bai durƙushe ba. Ba ya cewa komai game da rawa.

Aikin farko da ƙafa-ukun ya samu ɗaurin aure ne da walima a Titiru. Wanda ya san unguwar ya san da zarar ka sauka daga kwalta sai jar ƙasa, da kwazazzaban da ruwan damina ya bari, da sababbin gidaje da ba a gama shafe ba. An kafa rumfa a tsakiyar layi, an jera kujerun roba. Ana Dendanci, ana Barbanci, ana Yarbanci, ana Hausa, duk a kan tabarma ɗaya. Daga bayan gida kana jin tabare suna amsa wa juna a turmin sakwara, ƙanshin soyayyen wagashi kuma ya cika layin.

Yaya ya buɗe ƙafa-uku a gaban jama'a, yara suka kewaye mu. Ya ɗauko kyamara zai ɗora, sai ya tsaya. Babu faranti.

Farantin nan ɗan murabba'i ne da ake ɗaure wa a gindin kyamara, sannan a maƙale shi a kan ƙafa-uku. Abin haushin shi ne, ramin kusar da ke gindin kyamara iri ɗaya ne kusan duk duniya: kauri rubu'in inci, zare 20 a kowane inci, ko a ƙasa irin tamu da ba a auna ko yadin shadda da inci. Amma farantin kansa, yawancin masu araha kowa da girman nasa. Akwai wani mai bidiyo da dangin ango suka ɗauko, ya ara mana nasa cikin mutunci, ya ƙi shiga. Yaya ya dube ni. Na hau zem na koma Zango.

Na birkice ɗaki ban gani ba. Can Inna ta leƙo ta ce, "Wai ɗan baƙin abin nan kake nema?" Ta nuna teburin da take ɗora tulun sanyi. Teburin ya shekara yana ɗingishi, ta ga faranti a ƙasa, ta cusa shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya zauna daram. Da na zare ta ce in dawo mata da shi kafin magariba. Ta kuma ƙara da cewa ita ba ta ga abin wahala ba, murhunta duwatsu uku ne, ko a kan tudu ko a gangare tukunya ba ta taɓa yi mata gardama ba. Inna ba ta shiga aji ba, amma abin da ta faɗa shi ne dalilin da ya sa ba a yi wa kyamara ƙafa huɗu ba: uku kowace ƙasa suka samu sai duk sun taɓa ta. Sharaɗin kawai su kasance ƙafafu ne na gaske.

Na dawo Titiru na tarar mata sun cika gaban rumfa, kowace da goggoro kamar an kifa kwando. Yaya ba ya hango komai sai ɗaurin kai. Ya zaro gaɓoɓin nan biyar-biyar har tsinkayen tsiren, bai isa ba. Sai ya murɗa sandar tsakiya ya ɗaga ta har ƙarshe. Nan ne santimita 170 ɗin kwali suka cika, nan ne kuma ƙafa-uku ya koma ƙafa ɗaya da ke tsaye bisa uku. Iskar hunturu ta taso, kyamara ta fara gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi.

Waliyyin ango ya miƙe zai yi godiya. Dattijo ne dogo, da babbar riga da rawani. Ina leƙen allon kyamara sai na ga Alhaji yana karkata hagu a hankali, rumfa na binsa, har masallacin da ke bayansa. Na ɗaga kai, Alhaji na tsaye ƙyam. Na sake duban allo, ya kusa kishingiɗa. Ashe maƙallin ƙafa ɗaya ne ya saki, tana shigewa cikin 'yar'uwarta sannu-sannu.

"Kai, riƙe ƙafar nan!" in ji Yaya ta tsakanin haƙora.

Na tsuguna na rungume ƙafa da hannu biyu, kaina a sunkuye don kada in shiga hoto. Ban fi minti biyar a haka ba wata tsohuwa ta zo wucewa, ta tsaya, ta kwance bakin zane ta ajiye mini dala ashirin a gabana, ta ce Allah ya ba ni lafiya. Ban iya sakin ƙafar in yi bayani ba. Na ce amin.

Daga nan ne Yaya ya tuna da wata dabara ta gaskiya, wadda ƙwararru ke yi. A ƙasan sandar tsakiya akwai ƙugiya, ana rataya mata nauyi don ƙafafun su danne ƙasa. Jakarmu ba nauyi, batura ne kawai. Ya aiki wani yaro wurin masu girki, yaron ya dawo da ƙatuwar doya guda a leda, har da ɓawon da aka fere a ciki. Faraku ƙasar doya ce, ba a rowa da ita. Aka rataya. Dabarar tana da sharaɗin da Yaya bai kai ga jinsa ba: nauyin ya ɗan taɓa ƙasa, ko a ɗaure shi kada ya yi lilo. Tamu doyar tana reto a iska, ta je gabas ta ja kyamara, ta dawo yamma ta ja kyamara.

Akuyar ban ga zuwanta ba. Ja ce, mai ciki, da guntun igiya a wuya. Ta bi ta tsakanin kujeru, ta wuce ƙarƙashin hammatata, ta kafa haƙori a ledar ɓawon doya, ta ja da baya.

An ce na yi tsalle irin na mai tsaron gida. Ni dai abin da na sani, na ga kuɗin Yaya na shekara biyu suna tahowa ƙasa da gilashi a gaba, na saki ƙafa na miƙa hannu. Kyamara ta faɗo a ƙirjina, ni kuma na faɗa da baya cikin bahon da ake wanke kwanukan miya. Ƙafa-uku ya kwanta gefe, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, kan robar ya tsage biyu. Akuya ta yi gaba da leda, yara suka bi ta da ihu, mai kiɗa ya ɗauka an shigo da amarya ya saki ganga.

Kyamarar ba ta daina ɗauka ba. Da muka kai wa dangin amarya aikin, Yaya ya yanke wannan wuri, Gwaggon amarya ta ce a mayar. Akwai sama, akwai hancin akuya ya cika allo, akwai tafin ƙafata da ganyen yakuwa a manne. Ta ce a duk bidiyon, nan ne kawai wurin da ba ya sa ta jiri, don daga lokacin da na kwanta a baho hoton ya tsaya cak.

Mako biyu bayan haka muka shiga mota zuwa Jugu, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. Tsofaffi Zugu suke ce wa garin, zango ne a tsohuwar hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, kuma ta wannan hanya kakanninmu suka zo suka zauna. Kawu ya sa aka shimfiɗa gawar ƙafa-ukunmu a tabarma, ya juya ta da sandarsa, bai ce komai ba. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da nasa.

Na alminiyom ne, baƙi, fentin ya goge a wuraren da hannu ke kamawa. Manfrotto, ƙirar Italiya, kamfanin da wani mai hoto, Lino Manfrotto, ya kafa a garin Bassano del Grappa. Kawu ya saye shi na hannu tun ba a haife ni ba. Gaɓa uku kacal a kowace ƙafa, ta ƙasan ma ta kai babban yatsa kauri. Ya miƙe shi, ya kai masa ido ba tare da ya taɓa sandar tsakiya ba. Ya ce da Yaya ya dafa ya murɗa. Yaya ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, abin ko gezau. Aka ɗora kyamara, aka zuƙo wata bishiyar mangwaro har 300, Kawu ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ce mu ƙirga. Kafin mu ce biyu hoton ya natsu. Ya ce da an yi wa namu haka a shago, da mun ƙirga har mai shago ya rufe.

Sauran karatun a tsaye ya ba mu shi. A fara zaro gaɓa mai kauri, siririyar sai dole. Ƙafa ɗaya ta fuskanci inda gilashi ya fuskanta, don can nauyin ya rinjaya, mai hoto kuma ya tsaya tsakanin sauran biyun. Maƙallan su zama masu kusoshin da za a iya ƙara ɗaurewa in sun saki. Bayan aiki a jar ƙasa a goge ƙafafun kafin a mayar, don ƙura ce ke cinye maƙalli. Faranti kuwa ya kwana a gindin kyamara, kada ya sake ganin teburin Inna.

Yaya, da bai horu ba, ya kawo zancen na zamani marasa nauyi, irin na zaren kabon da kamfanin Gitzo na Faransa ya fara fitarwa a 1994. Kawu ya ce ya sani, suna da kyau, ba nauyi kuma ba rawa, amma kuɗin ɗaya zai sayi kyamarar Yaya har a yi canji. Ya ce abu uku ake nema a wannan kaya, sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka da tsayuwa, kuma kasuwa biyu take ba mutum, ya zaɓa. Shi ya zaɓi araha da tsayuwa, nauyin kuma ya bar wa yaron shago.

Duk suka juyo suka dube ni.

Kawu bai sayar ba, aro ya ba mu, da sharaɗin a riƙa kawo masa shi duk Sallah ya gani. A tashar Faraku mai zem na farko ya dubi abin da ke kafaɗata ya ce kuɗin mutum biyu zan biya. Namu na kwali kuma Inna ta karɓe, ta ɗaure lanƙwasasshiyar ƙafar da tsumma, ta kafa shi a tsakar gida tana rataya masa fitila in an ɗauke wuta. Ta ce in iska ta taso yakan ɗan yi rawa, amma ta jingina masa turmi.