Nazari a kan Ɓacewar Intanet a Wani Shago na Yalwa

Tsarin da ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1983, aikinsa shi ne mayar da sunan shafin intanet zuwa lamba, domin kwamfuta ba ta san suna ba, lamba kaɗai take ganewa. Matsayinsa daidai yake da na ɗan acaɓan da ake ce wa "gidan wane" ya dire mutum a bakin ƙofa, wanda idan babu shi titi yana nan lafiya lau, amma fasinja yana tsaye. Duniya ta ɗanɗana haka ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp suka yi ɓatan dabo na kusan awa 6.

Irin wannan larura ce ta afka wa wani shagon buga takardu da ke Yalwa a garin Bauchi, daura da harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana tsakiyar cikowar ɗalibai masu fitar da takardar jarrabawar JAMB. Wayoyin da ke jone da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a shagon, suna aiki sumul, amma kwamfutocin sun ƙi buɗe ko shafi ɗaya. Mai shagon, wani Alhaji da bai yarda da dalili guda ba matuƙar ana iya samun huɗu, ya fara da zargin kamfanin layi, ya sake loda data a kan wadda ba ta ƙare ba, ya sa aka ɗaure rautar a kan gora aka ɗaga ta sama da kwano, daga bisani kuma, ganin maƙwabcinsa yana ta ciniki, ya aika a sayo turaren wuta.

Sai da duk wannan ya ci tura aka nemi mai wannan nazari, wanda ya yi gwajin da ake kira ping, wato aika ɗan saƙo zuwa wata na'ura a ga ko za ta amsa. Lambar 8.8.8.8, ta DNS ɗin da Google ya buɗe wa jama'a a 2009, ta amsa nan take, amma da aka rubuta google.com sai aka ji tsit, hujjar da ta wanke kamfanin layi da maƙwabci baki ɗaya. Saitin kwamfutocin ya nuna cewa wani ɗalibi da ya taɓa zaman koyon aiki a shagon ya umarce su da su riƙa neman lambobin shafuka ta hanyar tambayar 192.168.1.10, lambar wata kwamfuta ta cikin gida, su kuwa wayoyi rautar suke tambaya kai tsaye.

"Alhaji, ina kwamfutar da take ƙarƙashin wannan tebur?"

"Wannan tsohuwar mai ƙugi? Ai shekaranjiya na sayar wa 'yan gwangwan, Malam. Cin wuta kawai take yi, ko allo ba ta da shi."

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba: aka goge tsohuwar lambar, aka sa 8.8.8.8, aka ƙara 1.1.1.1 ta Cloudflare a matsayin madadi, sannan aka share ragowar amsoshin da kwamfutocin suka adana da umarnin ipconfig /flushdns. Alhaji ya biya kuɗin aiki bayan ya zaftare rabi, bisa hujjar cewa lamba takwas sau huɗu ba ta kai a kira ta gyara ba, kuma ya hana a sauko da rautar daga kan gora.