Gasar Wasannin Dare da Rikicin Maki

Gasar wasannin dare takan fara bayan sallar isha'i, an shimfiɗa tabarma, an ɗora shayi. Da dara ake buɗewa: gurabe 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Sai lido, inda ba a fita gida sai an buga shida, don haka ba a rasa wanda zai kwana a ciki yana cewa asiri aka yi masa. Karta ce ta ƙarshe.

Wajen haɗa maki ake samun matsala. Mai masauki ke riƙe biro, kuma lissafinsa bai cika kayar da shi ba. Shi ya sa gogaggu ke miƙa wa yaro takardar, sai dai yaron ma yana da kawu cikin 'yan wasan.